Takalmin 'Yan Mata: A Auna Ƙafa Kafin A Yi Ciniki

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙon ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin yau ina da magana a kan wani abu wanda na san waɗansu za su gani su yi murmushi, su ce Malam ya rasa abin faɗi ya koma zancen takalmin 'yan mata. To, su yi haƙuri su karanta har ƙarshe tukuna. Ni ma a da haka na ɗauke shi, sai da ya kwantar mini da yarinya kwana goma sha biyu, sa'an nan na san ba ƙaramin abu ba ne.

Ga yadda aka yi. Ina da jika mace, shekararta tara a lokacin, wadda na ke kira amaryata bisa ga wasan da ke tsakanin kaka da jika. Ana sauran kwana uku Ƙaramar Sallah ta shekarar 2024, wadda ta faɗo cikin watan Afrilu, tsakiyar zafin bazara, sai na ce bari in yi wa amarya bajinta. Na shiga kasuwa ni kaɗai, ban shawarci kowa ba. Can na hangi wani takalmi ƙafa-ciki ja, mai ƙyalli, da ɗan fure a bisa, da 'yar dunduniya mai tsawo, bakinsa a tsuke. Na ɗauka na jujjuya, na ƙiyasta ƙafarta da ido, na ce wannan ya yi. Mai kaya ya tambaye ni lambarta, na ce ban sani ba, amma shekararta tara. Ya ce ai wannan na 'yan shekara tara ne. Muka yi ciniki, na biya, na taho gida ina yaba wa kaina.

Da ta gani sai tsalle da murna. Na ce ta sa mu gani. Ta zauna ta tura ƙafa, da ƙyar ta shiga. Na ce, "Amarya, ya matse ki?" Ta ce, "A'a, Kaka, daidai ne." Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, anya takalmin nan bai yi mata kaɗan ba?" Na ce ai sabo ne, in an sa shi zai saki.

Ran Sallah ta sa shi tun da safe, aka tafi Idi, aka dawo, ta bi ƙawayenta yawon Sallah gidajen dangi da kallon hawa, ba ta shigo ba sai magariba. Ba ta ce wa kowa kome ba. Kashegari ta sake. Ran kwana na uku uwargida ta lura yarinya tana taka gefen ƙafa, tana ɗingishi in ta ga ba mai kallonta. Ta kira ta, ta tuɓe takalmin da kanta. Kai, jama'a! Dunduniya duka biyu bororo ya fito ya fashe, ƙaramin yatsa ya saluɓe, farcen babban yatsa ya yi baƙi. Ƙura ta riga ta shiga ciwon. Kafin gari ya waye ƙafar dama ta kumbura, kaluluwa ta fito mata, ga zazzaɓi. Muka ɗauke ta sai asibiti, aka wanke, aka ɗaure, aka ba da magani. Likita ya tambaya wa ya saya mata takalmin, na sunkuyar da kai. Aka koma makarantar allo bayan hutun Sallah, 'yan'uwanta suna fita da allunansu, ita tana kwance bisa tabarma tana kallonsu.

Da ta sami sauƙi na zauna kusa da ita na ce, "Amarya, don me ba ki faɗa ba tun ran farko?" Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Na ji tsoro kada a karɓe a ba ƙanwata. Kuma kai ka saya mini, ina jin kunya in ce bai yi ba."

Wannan amsa ita ta sa na ɗauki alƙalami. Mu ne mu ke koya wa 'ya'yanmu mata kunya da haƙuri da kawaici tun suna ƙanana, halaye ne kuwa masu kyau. Amma duk wanda ya koya wa yarinya haɗiye kuka, to, ya ɗora wa kansa nauyin duba abin da ba za ta faɗa ba. In ka tambayi yarinya ko sabon takalmi ya matse ta, alhali idonta na kan furen da ke bisansa, ka riga ka san amsar da za ta ba ka. Sabo da haka tun daga ran nan na shiga tambaya da bincike, wajen likita, da wajen wani tsohon baduku na unguwarmu, da cikin littattafai. Abin da na samu shi zan zayyana muku, ko wani ya tsira daga irin abin da na yi.

Da farko sai mu san ƙafar kanta. A ƙafar babban mutum guda ɗaya akwai ƙashi 26. Amma ta jariri yawancinta guringuntsi ne mai taushi, a hankali ya ke ƙanƙarewa ya zama ƙashi, ba ya kuwa gamawa sai yaro ya kai munzali. Ƙafar mace ta kan riga ta namiji girma. Yarinya 'yar shekara 10 ƙafarta ta kai wajen kashi 90 cikin 100 na iyakar tsawon da za ta yi, galibi kuma tana shekara 13 zuwa 14 ta ke tsayawa. Watau shekarun nan da mu ke saya musu takalmi da ka, su ne ainihin shekarun da a ke ginin ƙafar da za ta ɗauke su har tsufa, da goyo, da tulu, da tafiyar kasuwa. An ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma fa tun yana ɗanyen a ke karkata shi kuma, ya bushe a karkace.

Saurin girman kuwa ya fi yadda mu ke zato. Tsakanin shekara 1 da 3 ƙafa ta kan ƙaru da wajen milimita 1 da rabi kowane wata, daga 3 zuwa 6 wajen milimita 1, bayan nan ya ɗan ragu kaɗan. In an lissafa sai a ga takalmin da ya yi wa 'yar shekara biyu daidai da Ƙaramar Sallah ba lalle ya kai ta wata biyar ba. Don haka ƙanana a riƙa duba nasu bayan wata biyu ko uku, 'yan makaranta kuwa ko da farkon kowane zango ne.

To, yaya a ke awo? Iyayenmu mata suna da dabara tun da daɗewa, su karya tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafar yarinya, a tafi da shi kasuwa. Wannan ya fi ƙiyasin ido nesa ba kusa ba, da ma shi na yi. Amma yana da aibi biyu. Tsinke ba ya faɗin fāɗin ƙafa, sa'an nan mai saye ya kan nemi takalmin da tsinken ya cika shi tam, ya manta yatsu na bukatar wurin motsi. Abin da ya fi shi ne a sami farar takarda a shimfiɗa a daɓe, yarinya ta tsaya a kanta tsaye, ta saki nauyinta bisa ƙafa biyu, gama ƙafa ta kan baje in an tsaya, ta tsuke in an zauna. A kama fensir a miƙe a zagaya ƙafar. A yi wa dama, a yi wa hagun, domin da wuya ka sami mutum wanda ƙafafunsa biyu su ke daidai wa daida, da babbar kuwa a ke aiki. A yi awon da yamma, lokacin da ƙafa ta sha tafiya ta ɗan kumbura, balle da bazara. In takalmin makaranta ne wanda za a sa da safa, a auna da safar. Sa'an nan a sa rula daga ƙarshen dunduniya zuwa kan yatsan da ya fi tsawo, a tuna ba kullum babban yatsa ne ya fi tsawo ba, a waɗansu mai bi masa ne.

A Amurka wani mutum mai suna Charles Brannock ya ƙago wani ma'auni na ƙarfe cikin shekarun 1920, wanda ke nuna tsawon ƙafa da fāɗinta gaba ɗaya, ya kuwa bazu cikin kantunan takalma na ƙasashe da yawa. Wanda bai sami wannan ba kada ya damu. Ya yanke hoton ƙafar nan da almakashi, ya sa a aljihu. In ya je kasuwa ya zura shi cikin takalmi. In takardar ta kwanta sarai da ɗan saura a gaba, madalla. In ta naɗe a baki ko ta tattare a gefe, to, yadda takardar ta yi haka yatsun yarinya za su yi.

Yanzu sai maganar lamba, wadda na san malamai da akawuna za su ji daɗinta, don lissafi ce. Lambobin da a ke bugawa a gindin takalmi ba iri ɗaya ba ne. Akwai ta Turai, wadda asalinta daga Faransa ne, ita ce mu ka fi gani a kasuwanninmu, irin su 28, 30, 34, 37. A wannan tsari tsakanin lamba da lamba sulusi biyu ne na santimita, watau lamba uku ke yin santimita 2. Akwai kuma ta Ingila, wadda tsakanin lamba da lamba sulusin inci ne, awon da Turawan da su ka ɗauko daga tsawon ƙwayar sha'ir. A tsarin Ingila lambar yara ta kan hau har 13, sa'an nan a koma a fara daga 1, sabo da haka lamba 1 ta fi lamba 13 girma, abin da ya rikita iyaye da yawa. Ta Amurka kuma ta ɗan saɓa da ta Ingila. Waɗansu takalma kuwa tsawon ƙafa su ke rubutawa kai tsaye da milimita ko santimita.

Ga hanya mai sauƙi ta fitar da lambar Turai. Ka ɗauki tsawon ƙafa da santimita, ka ƙara 1 da rabi domin wurin motsin yatsu da girma, sa'an nan ka ninka abin da ya fito sau 1 da rabi. Da na auna amaryata daga baya na sami santimita 21. In an ƙara 1 da rabi ya zama 22 da rabi, in an ninka ya ba da 33 da rubu'i uku, watau lamba 34 ke nan. Na juya jan takalmin nan na duba gindinsa, sai ga 32. Ashe lamba biyu cur na rage mata, ga kuma tsukakken baki. Amma a kula, lamba jagora ce kurum. Masu ƙira sun bambanta, 34 na wannan ba lalle ya zama 34 na wancan ba. Shekaru kuwa ba awo ba ne ko kaɗan. Duk malamin da ya taɓa jera 'yan aji ɗaya a fili ya san 'yan shekara tara ba tsawonsu ɗaya ba.

Abin da ya fi duka shi ne a tafi da mai ƙafar, ko a yi sharaɗi da mai kaya cewa in bai yi ba za a dawo a musanya. In an je, ta sa duka biyu, a ɗaura maɗauri, ta miƙe tsaye. Ka danna bakin takalmin da babban yatsanka, ya kamata ka sami wuri kamar fāɗin yatsan nan tsakanin kan yatsanta da ƙarshen takalmi, wajen milimita 12 zuwa 15. Ka lura kada ta naɗe yatsu ciki don ta ruɗe ka, yara sun iya wannan. Ka shafa gefe da gefe ka ji ko ƙashin gindin babban yatsa ko na ƙarami yana turo fata. Ka sa ta yi tafiya ka tsaya bayanta kana duban dunduniya, kada ta riƙa fita tana komawa. Bayan ta ɗan zagaya a tuɓe, a cire safa, a dubi fatar ƙafa. Duk inda ya yi ja ko ya kwanta, nan bororo zai fito gobe. Ka zura hannunka ciki ka shafa, ko akwai kan ƙusa, ko dunƙulen ɗinki, ko busasshen gam. Ka kama shi ka lanƙwasa: takalmin kirki a gindin yatsu ya ke lanƙwasawa, inda ƙafa ke lanƙwasawa, bayansa kuwa mai riƙe dunduniya ya zama da ɗan ƙarfi. Wanda ya ƙi lanƙwasuwa kamar katako, da wanda ya naɗe a tsakiya kamar tsumma, duka a ajiye su.

Kalmar nan tawa ta "zai saki" kuwa, da na maimaita ta gaban tsohon badukun nan, dariya ya yi. Ya ce, "Malam, fata ta kan ɗan saki a fāɗi, amma ban taɓa ganin takalmin da ya ƙara tsawo ba. Na roba kuwa ƙafar ce za ta saki kafin shi." Akwai kuma kishiyar wannan kuskure, wanda masu tattali su ke yi, watau a sayi babba ƙwarai wai don ta girma a ciki. Yarinya ta yi ta jan sa tana ƙanƙame shi da yatsu, tana tuntuɓe, gogayya ta fitar mata da kanta, kafin ƙafar ta cika shi ya riga ya mutu. Fāɗin yatsa ɗaya ya isa.

Sai irin takalmin. Ƙasarmu ƙasar zafi ce, ƙafa kuwa tana gumi ƙwarai. Fata da kambas suna barin iska ta shiga, roba rufaffiya ba ta bari, sai gumi ya taru, tsakanin yatsu ya yi fari ya tsattsage, ga wari. Na roba yana da ranarsa, watau damina da wanki da shiga kewaye. Silifa kuma ta zaman gida ce. Wadda za ta yi tafiya mai nisa zuwa makaranta a nema mata mai maɗauri a baya, wanda zai kama ƙafa ba sai ta riƙe shi da yatsu ba. Mai doguwar dunduniya kuwa ba na yara ba ne. Yana tura nauyin jiki duka bisa gindin yatsu, yana kawo gurɗewa a hanyoyinmu masu rairayi da ramuka, in kuma an daɗe ana sa shi kullum jijiyar bayan ƙafa ta kan ɗaure. Tsukakken baki yana tura babban yatsa ya karkata wajen 'yan'uwansa, ƙashin gindinsa ya turo waje. Wannan ciwo akwai gado a cikinsa, amma matsattsen takalmi na ƙara shi, mata kuwa sun fi maza samunsa. Shi ne kuma ke taimakon farce ya nutse cikin nama, don haka a riƙa yanke farcen ƙafa a miƙe, kada a bi kusurwa a ƙwaƙule.

Wani zai ce to ai gara a bar su ba takalmi yadda mu ka tashi. Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma saura. A shekarar 1992 waɗansu likitoci biyu a Indiya sun buga sakamakon duba ƙafafun yara 2,300. Su ka sami shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, watau wanda ba shi da lanƙwasar nan ta tsakiya, ga wajen 9 cikin 100 na masu sa takalmi, amma wajen 3 kaɗai cikin 100 na masu tafiya ƙafa a ƙasa, ya kuma fi yawa ga masu sa rufaffen takalmi. Sabo da haka a cikin ɗaki da tsakar gida mai tsabta a bar yarinya ta taka ƙasa, ƙafarta ta yi ƙarfi. Mai koyon tafiya ma kada a yi gaggawar ɗaure ta cikin takalmi mai tauri. Amma waje dabam ne. Ban da ƙaya da kwalba da ƙusa da kunama, akwai wata tsutsa ƙanƙanuwa wadda ido ba ya gani, tana zaune cikin damshin ƙasa inda a ke bayan gida a fili. Ta fatar ƙafa ta ke shiga, ta bi jini har ta kai hanji, ta kama tana shan jini. Yarinya ta yi fari fat, ta riƙa gajiya, karatu ya gagare ta, ana cewa lalaci ne. Ga kuma jiga mai shiga gindin farce. Takalmi shi ne katanga tsakanin yaro da waɗannan. A koya musu kuma kakkaɓe shi kowace safiya kafin su zura ƙafa.

Ban manta da halin da a ke ciki ba. Ba kowa ke da ikon sabo ba, gwanjo ya rufa wa mutane da yawa asiri, ƙanwa kuma ta kan gaji na yāyarta, ba abin kunya ba ne. Sai dai a duba gindinsa. In ya cinye ta gefe ɗaya, ya riga ya ɗauki tafiyar mai shi na farko, zai karkatar da ta biyu. In gindin na nan daidai, a wanke shi, a shanya a rana ya bushe sarai, a auna shi kamar yadda za a auna sabo. Mai kuɗin guda ɗaya tak kuwa ya sayi wanda zai yi Sallah ya kuma yi makaranta. Araha ba ta ado, in ji masu magana, ni kuwa na ƙara da cewa abin da na kashe a asibiti ya fi kuɗin jan takalmin nan.

Kada fa a ce Malam ya hana ado. Ko kusa. Malamai sun san hadisin nan da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka yi tambaya game da mutumin da ke son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau, aka nuna wannan ba ya cikin girman kai. Yarinya kuwa in an saya mata abin da ba ta so, komai ingancinsa, za ta tuɓe shi a zaure ta ari na ƙawarta. Dabarar da na ga ta yi amfani ita ce a raba aikin biyu. Babba ya zaɓi guda uku ko huɗu waɗanda su ka ci jarrabawar awo, sa'an nan a ce da yarinya ta ɗauki wanda ranta ke so a ciki. Ta haka ba wanda aka zalunta. A tafi da ƙyallen atamfar Sallah a gwada launi. In takalmin na da ado mai yawa, ya fi dacewa da tufa mai sauƙi, in tufar ce mai zane da yawa, a nemi takalmi launi ɗaya. Baƙi da ruwan ƙasa da ruwan zinariya suna shiga da kusan kowane zane. Buɗaɗɗe mai siraran maɗaurai kuwa shi ke fito da kyan lalle, rufaffe ɓoye shi ya ke yi. A kula da duwatsu da furannin da aka manna da gam, ba sa kai mako, ƙanana kuma su kan tsince su su sa a baki.

In ana son a ga iyakar inda son ƙaramar ƙafa ke kai mutane, a dubi tarihin ƙasar Sin. Shekaru ɗaruruwa a can ana naɗe ƙafar yarinya tun tana ƙarama, a tanƙwashe yatsu ƙarƙashin tafi, a ɗaure tam da ƙyalle, don ƙafar ta tsaya wajen santimita 10, wai shi ne kyau, shi ne kuma hanyar samun miji. Matan su ka ƙare rayuwarsu da ƙyar su ke takawa. A shekarar 1912 hukuma ta hana, duk da haka ya ɗauki shekaru kafin ya mutu a ƙauyuka. Mu kan ji wannan mu riƙe baki. Amma iyayen nan su ma suna son 'ya'yansu, gani su ke gata su ke yi musu, kamar yadda na ga gata na ke yi ran da na fito kasuwa da lamba 32 a hammata.

Abin da ya ƙara ba ni kunya shi ne mu ba baƙin takalmi ba ne. Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a littafinsa da aka buga a 1550 ya ambaci masu ɗinkin takalma na Gobir, waɗanda a ke kai kayansu har Tambutu da Gao. Bajamushen nan Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya lissafa takalma cikin manyan kayan da Kano ke fitarwa zuwa ƙasashe masu nisa. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, ita ce ta ƙetare hamada har Turawa su ka san ta da sunan fatar Maroko. Badukun da kuwa ba ya yanka fata sai ya ga ƙafa. Wannan ilmi muna da shi kafin a kawo mana lamba, mu ne mu ka sake shi.

Ina roƙon 'yan'uwana malaman makaranta, na boko da na allo, su taimaka. Ku ne ku ke ganin yaran nan kullum. In kun ga yarinya tana tuɓe takalmi ƙarƙashin benci da zarar ta zauna, ko ta take bayansa ta mai da shi silifa, ko ta daina shiga wasa da 'yan'uwanta, ku duba ƙafarta, ku aika wa iyayenta cikin mutunci. Darasin awo kuma, maimakon a yi ta auna tebur da allo, a sa kowane yaro ya zana ƙafarsa ya auna, ya fitar da lambarsa, ya kai gida. An koyi lissafi, an kuma yi maganin wahala.

Amaryata dai ta warke, farcen ya fita wani ya tsiro. Da Babbar Sallah ta matso, cikin watan Yuni na shekarar, na kama hannunta mu ka tafi wurin tsohon badukun. Ya shimfiɗa takarda, ya tsai da ita a kai, ya zagaya da fensir, ya bar wurin yatsa ɗaya a gaba. Ya fito da fatu ya baje, ya ce ta zaɓa. Ja ta sake zaɓa. Ta yi yawon Sallarta kwana uku, kowace magariba ina kiranta in ce ta tuɓe in gani, har ta gaji ta ce, "Kaka, wai kai yanzu likitan ƙafa ka zama?" Tsohon takalmin kuwa ban ba ƙanwarta ba. Yana nan rataye a zaurena, duk wanda ya tambaya in ba shi labari.

Wanda ke da wata dabara da ta fi waɗannan, musamman dukawa da ma'aikatan asibiti da iyayenmu mata, ina roƙonsa ya rubuto wa Edita mu ƙaru. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙon amanarsu, amin. Haza wasalam.

Ni ne naku,
Tsohon Malamin Makaranta.